A Mayar da Hoton Gobarau

Yaya Haladu,

Motar Kusada za ta tashi, ban iya jiranka.

Jiya da ka shafe ɗakin Inna da farar ƙasa, ka sauke tsohon hoton Hasumiyar Gobarau da marigayi Baba ya rataya a bangon gabas. Ashe tunda idonta ya raunana, baƙin katakon hoton take hangowa ta gane alƙibla. Ɗazu na iske ta da darduma a hannu, tana laluben bango tana hawaye. Ta ce, "Malam ya tafi, alamarsa ma ta bi shi."

Hoton na bayan gado, na goge gilashin. Don Allah ka mayar da shi kan ƙusarsa kafin la'asar. Kunya take ji ta tambayi 'ya'yanta gabas a ɗakinta.

Salma