Ki Buɗe wa Inna Tani Ƙofa

Maman Bege,

Ban so in tashe ki ba. An kira mu ofis da sassafe, ana shirin rantsar da gwamnan farar hula.

Ɗazu maƙwabciyarmu Inna Tani ta yi sallama da kwanon kunu. Ta ce, "Malam Iliya, tunda kuka tare nike jin kukan jinjira. Wa ke yi ma maijego wanka?" Na ce Mama tana Kagoro, wahalar mai ta hana ta tahowa. Ta ce to ita ce uwar, har Mama ta iso.

Na yi kuskure da na ce miki kada mu saki jiki da kowa tukuna. Inna Tani za ta dawo da hantsi da itacenta. Ki buɗe mata.

Iliya