Bikin da Abdulkabir Bai Gama Haɗawa Ba

Litinin, 7 ga Oktoba, 2024

Masu gaisuwa sun fara raguwa. Ban taɓa kiran sunansa a gabansa ba, yau ga shi ina rubutawa: Abdulkabir. Mijina. Mota ta ture shi a kan babur a hanyar Dawanau, yana dawowa daga ɗaukar biki. Kyamarar ko ƙwarzane ba ta yi ba. Ita aka dawo min da ita.

Laraba, 9 ga Oktoba

Hajiya Falta ta zo, uwar amaryar da ya ɗauki bidiyon bikinta. Ta yi gaisuwa, ta daɗe tana juya bakin mayafi kafin ta ce, "Tahira, ki yi haƙuri, ba lokacinsa ba ne. Amma angon Ramlat zai tafi da ita Maiduguri ƙarshen wata, bidiyon nan kaɗai zai rage min." Na ce zan duba. Me na sani? Zama kawai nake yi kusa da shi ina tsintar wake yana aiki.

Asabar, 12 ga Oktoba

Na buɗe kwamfutar. Ya haɗa rabi, ya tsaya a kamu.

Ba ya cikin hoton ko sau ɗaya. Mai riƙe kyamara ai ba a ganinsa. Sai muryarsa: "Inna, ɗan matso." "Yawwa, amarya, ɗago kai." Akwai inda ya yi tari, tarin nan da na ce ya sha magani ya ƙi. Na yi ta mayar da wurin baya har cajin ya ƙare.

Lahadi, 13 ga Oktoba

Ban iya komai ba yau.

Alhamis, 17 ga Oktoba

Na gama, a ganina. Na zuba a filashi na aika. Da la'asar Hajiya ta kira. Wai a babbar talabijin ɗinta ta bango kowa ya koma gajere mai faɗi, fuskar Ramlat kamar faifai. Ba ta yi faɗa ba, ta ce, "Bar shi haka, 'yata, kin yi ƙoƙari." Da ta zage ni ya fi min sauƙi. Aikinsa na ƙarshe, ni na ɓata shi.

Yaya Sha'aban, wan mijina, kuma ya leƙo daga cirar gyaɗa, ya ce idan an zo rabon gado za a sayar da kwamfutar da kyamarar, akwai wani a Ungogo da yake so. Na ce to.

Lahadi, 20 ga Oktoba

Na gano. Wajen mata ba ya shiga, ƙawayen amarya ne suka ɗauka da waya a tsaye, nasa kuma a kwance yake. Ni na ja na tsayen da ƙarfi don ya cika allon, sauran ma suka bi. Na tuna yana cewa talabijin ɗin yanzu hoto mai ma'aunin sha shida da tara take so, ina yi masa dariya wai lissafi yake koya min. Na nemo lambobin, na danna. Na bar na tsayen a tsayensa, da duhu a gefe biyu. Mutane suka dawo da kamanninsu.

Sai maganar muryar. Shi yakan rufe ta da waƙa, ba ya barin ta a bikin mutane. Na kai hannu na janye, na kai na janye. Daga ƙarshe na ɗora waƙar. Ina kallon layin muryarsa yana kwanciya, na kifa kai a kan tabarma. Surukata ta shigo, ta zauna muka yi kukan tare.

Juma'a, 25 ga Oktoba

Hajiya ta aiko da saƙon murya. Ana ta guɗa a bayanta, ta ce falon ya cika da mata, Ramlat na kuka tana dariya. Ta yi masa addu'a mai tsawo.

Yaya Sha'aban ya zo da yamma zai ɗauki kayan a yi musu kuɗi. Na ji bakina yana cewa, "Yaya, a sa min su cikin rabona." Ya kalle ni ya ce, "Me za ki yi da su?" Na ce ban sani ba.

Ban sani ba ɗin ne. Na dai goge ƙurar gilashin kyamarar, na sa batirin a caji. Don kada ya lalace ne kawai.