Doguwa Ta Taɓa Ɗan Kunne, Ni Kuwa Ina Kuka

Anti mai filin shawara, don Allah ki taimake ni, kwana tara kawai ya rage mini, kuma na rasa wanda zan faɗa wa.

Shekaruna sha bakwai. Babana tela ne, shi yake ɗinka kayan 'yan wasa na wata gidauniyar musayar al'adu, wadda ke kawo masu wasan kwaikwayo da makaɗa daga waje, ta kuma tura namu can. Kai ɗinki ne ya fara shigar da ni gidan. A barandar da ke kaiwa zauren wasa an jera hotunan duk waɗanda suka taɓa shugabantar sashen wasanni, kowa da tarihin aikinsa a ƙasa. Wata da sharar dandamali ta fara. Wani mai haska fitila ne, yanzu babban gidan wasa yake riƙe da shi a wata ƙasa. Na haddace su tsaf, kamar littattafan soyayyar da nake ɓoyewa a cikin littafin lissafi. Wani lokacin har hotona nake gani a ƙarshen layin, da ɗankwali ruwan toka, ban cika murmushi ba.

Shugabar yanzu, Mama Darakta, ita ta kama ni wata rana ina motsa baki tare da 'yan wasa, rigunan Baba a hannuna. Ba ta yi mini dariya ba. Takardun wasan ta miƙo mini, ta ce in zama mai tuni: in zauna a ɗan benci bayan labule, wanda ya manta maganarsa in raɗa masa. Ta ce aikin ido a takarda yake so, ba a dandamali ba. Ni wadda yayana ke tsokana wai batirina ya yi sanyi saboda rashin magana, sai ga aikin da raɗa ce gaba ɗayansa. Wata bakwai ban taɓa kuskure ba.

Sai ranar da baƙi suka zo daga waje. Jarumar wasan, da muke kira Doguwa, mun yi da ita cewa in magana ta ɓace mata za ta taɓa ɗan kunnenta. Da aka zo inda take sallama da masoyinta a tasha, Anti, na ɗago kai. Na rufe takardun a cinyata, hawaye na zuba. Ta taɓa ɗan kunne sau ɗaya, sau biyu, sau uku, ni kuwa ina cewa a raina kai, dubi yadda baƙin ciki ya hana ta magana. Shirun ya yi tsawo har wani ya yi tari, aka fara dariya, mai fitila ya kashe wuta.

Mako uku ke nan ban koma ba. Baba da kansa yake kai ɗinki, ya dawo ya ce an tambaye ni, in ce kaina ke ciwo. Jiya ya ce an yi wa Mama Darakta canjin aiki, nan da kwana tara za ta tafi ta riƙe ofishin gidauniyar a wata ƙasa. Wasiƙa biyar na rubuta mata, duk suna fitowa kamar na masoya, na yayyaga. Ina kewar bencina, da ƙamshin labulen nan mai ƙura, da yadda take tafa hannu sau biyu kowa ya nutsu. Ban taɓa gaya mata irinta nake son zama ba. In je, ko in bar ta ta tafi? Kuma mai irin halina tana iya shugabantar mutane kuwa?

Taki,
Mai Zaman Bayan Labule

AMSA

'Yata, ki je. Amma ba ofishin Mama Darakta za ki fara shiga ba, Doguwa za ki fara nema. Duk tsawon wasiƙarki kunyarki kika ba ni labari, alhali ita aka bari tsaye gaban baƙi ana mata dariya, kuma mako uku ba ta ji daga gare ki ba. Ki ba ta haƙuri baki da baki, a gajarce. In ta yi faɗa, ki tsaya ki ji, tana da hakki.

Laifinki na ranar ba babba ba ne. Wasa ya ja ki, kuma wanda wasa ba ya ja ba shi da abin yi a gidan nan. Ɓoyewar ce ta fi damuna. Waɗancan hotuna na baranda, inda aka yi nasara kawai ake rubutawa a ƙasansu, ba a sa ranar da mutum ya ɓata wasa ya dawo da safe. Kuma ki sani, rabin aikin shugaba ba a zaure yake ba: neman biza ne, da rarrashin makaɗin da ya yi fushi, da tsayawa gaban baƙi a ba su haƙuri, kamar yadda na tabbata Mama Darakta ta yi a madadinki. Mai kunya na iya wannan. Mai gudu ce ba ta iyawa.

Ki bar wasiƙa. Gobe ki karɓi ɗinkin daga hannun Baba, ki daina sa shi kai saƙon ciwon kai. In kin shiga wurin Mama Darakta ki ce kin yi kuskure, ki ce aikinta kike son koya, ki roƙe ta ta haɗa ki da wanda zai gaje ta. Tana iya mayar da ke bencin, tana iya cewa ki fara da ninke riguna. Ki karɓa. Tafiya dai za ta yi, ba za ki hana ba, sai dai kar ta tafi tana zaton ba ki damu ba.

Sannan ki riƙe karatunki da kyau, ki ƙara da wani harshe, don aikin musaya da baki ake yinsa. Allah Ya ba ki ƙarfin zuciya, Ya sa ki same su da fuskar rahama.