Wace Ce Mai Tabo a Gira?

Zuwa ga Malam,

Bayan gaisuwa mai yawa, da addu'ar Allah Ya haskaka makwancinka. Na san babu gidan wayar da ke kai takarda inda kake, ba za ka taɓa karanta wannan ba. Ko da ma za ta iso, na san halinka, cewa za ka yi ka bar tabaranka a ɗaya rigar. Ni dai zan rubuta, don akwai maganar da ta tsaya mini a wuya.

Gida lafiya. Keken ɗinkinka yana wurin ɗanmu Sale, kullum sai ya karya allura ya ce laifin zare ne. Shagonka na Gwallaga wani mai gyaran rediyo ne a ciki yanzu. Gwiwa ta hana ni zaman tanda, matar Sale ce ke suyar masa. Tana yi ba laifi, amma ba zan gaya mata ba. Jikoki kuwa da an idar da la'asar sun kewaye ni, sai na ba su labarin Mamman Mai Sulke ko Garba Ɗan Fatake, yadda ka karanta mini su.

Da na fita takaba na buɗe adakarka, wadda ka hana kowa taɓawa. Na zaci zan tarar da wani abin kirki, sai ga 'yan littattafan nan na jarumai, bango ya cinye, gara ta ɗanɗana gefe. Ka tuna zamanin En'e, yadda kake dawowa da sabo a aljihu, ka zauna bakin ƙofa kana karantawa ina kaɗi? Lokacin ban san ko baƙi ɗaya na boko ba. Shekarar da aka sauke tutar Ingila na shiga ajin yaƙi da jahilci na matan Ƙofar Ran. Ina fara haɗa baƙi da wasali, sai ka sa wa adaka kwaɗo. Ka ce yara na yaga takardu. Ni kuma na yarda. Kai, wauta!

Jikarka Hajara ta samo mini tabarau, na bi su ɗaya bayan ɗaya da yatsa. Malam, jaruman nan naka sun motse. Mamman Mai Sulke ashe ɗan cika baki ne, ya kashe runduna guda kafin hantsi, amma tun daga farkon littafi har ƙarshe bai yi wanka ba, bai gaida uwarsa ba. Garba Ɗan Fatake kuwa ɓarawo ne kawai mai sa'a. Duk da haka komai yana nan: kogon, macijin, sarkin matsafa, aljanin da aka rufe a tulu. Mutum ɗaya ce babu.

Ina budurwar nan mai tabo a girar hagu?

Kada ka yi mini shirun nan naka, ka san wadda nake nufi. Wadda duk jarumin da ya ɓata a daji ita ke nuna masa hanya. Ta yi fito shanu su taho da gudu, ta miƙa nono a 'yar ƙwarya, ta yi dariya tana rufe baki da bayan hannu. A bakinka tana cikin kowane littafi, a takarda babu ta ko a layi ɗaya. Na ce ko shafi ne ya yage, na sa Hajara ta bi lambobin, suna nan cif.

To wace ce? Yanzu nake tuna yadda in ka iso wurinta kake sauke littafin kan gwiwa, muryarka ta yi laushi, idonka na kan katanga. Ba ka taɓa faɗin sunanta ba. Duk jarumin da ya nemi aurenta, sai ka ce ta ƙi. Har da mutumin takarda kake kishi? Ga kuma zuwanka ruga duk Juma'a a kan keke, wai duba shanu. Shanun naka da ba su cika yatsun hannu ɗaya ba, wane irin dubawa suke buƙata? Kuma ni ke soya maka masa mai zafi ka ɗaure a bayan keke! Wa ke cin masata, Malam? Abin haushin ma, da bakina nake yabon ta gaban jikoki, har ƙaramarsu Ummi ta ɗauki kwalli ta zana wa kanta tabo a gira.

Barci ya gagare ni, abinci ya ƙi daɗi. Na ce ashe duk zamanmu, a gabana kake zancen wata, ina kaɗi ina washe baki? Sai na sa aka kai ni wurin ƙanwarka Dija, ita kaɗai ta rage a waɗanda suka san ƙuruciyarka. Ta yi mini dariya har da tari, ta kira ni tsohuwar banza, wai ita ba ta taɓa ganin mai kishi da kabari ba. Na ce mata gara ni, ita ko wanda za ta yi kishi a kansa ba ta riƙe ba. Sannan na kwatanta mata yarinyar, har da tabon.

Dariyar ta ɗauke. Ta tambaye ni, ranar da ka fara sa ta a labari, kamar yaya girmanta yake? Na zauna ina lalubawa. Ashe ba budurwa ta fara ba. 'Yar mitsitsiya ce mai bin maruƙa, kuma ka fara kawo ta ne bayan daminar da ƙyanda ta shiga ruga. Kowace shekara kana ƙara mata tsawo, ni ban lura ba. Dija ta ce maraƙi ne ya ture ta, ta faɗi kan turke, kai ka ɗaure mata girar da gefen rawaninka. Ta ce masar nan a cinyarka take zama ta ci, a bayan bukka, inda manya ba za su gan ka ba. Bayan an binne ta kuma ba ka fasa zuwa ba, 'yan uwanta na wasa kake raba wa.

'Yar farinmu, Malam.

Tun da aka yaye ta aka kai wa mahaifiyarka riƙo a ruga, ban taɓa buɗe baki na tambaye ka lafiyarta ba. Ina zan kai kunya? Kai ma ba ka taɓa cewa ka gan ta ba. Ranar da aka aiko da rasuwarta, ka ce Mai abu Ya karɓi abinSa, ka koma kan keke ka ci gaba da ɗinki. Ban taɓa gaya maka ba, amma tun daga ranar na ɗauka dutse ne a ƙirjinka. Ni da na haife ta ban san tana da tabo ba, ban san ta iya fito ba. Ashe duk ka kawo mini, ka zuba mini a kunne ina kaɗi.

Kada ka ɗauka na wanke ka sarai. Dija 'yar uwarka ce, za ta rufa maka asiri ko kana ƙasa. Sai dai tun tana yarinya ba ta iya ƙarya ba tare da dariya ta kuɓuce mata ba, ranar kuwa kuka ta yi.

Jiya Ummi ta sake tsare ni, wai ita dai sai na gaya mata sunan mai tabo. Na buɗe baki, ya ƙi fita. Shekarun nan duka bai taɓa fita ba, ko a addu'a sai dai in ce yarinyar nan. Amma na lura hannu bai kai baki kunya ba, bari in gwada.

Sa'adatu.

Ka ga na riga ka. Allah Ya jiƙanku, kai da ita, Ya haɗa mu a inda ba a ɓoye ɗa.

Ni ce matarka,
uwar Sa'adatu.