Na sa dattijo yana zargin hankalinsa a kan kuɗin azurfar Rasha

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku, ina kuma roƙon a sakaya sunana, a karanta zuwa ƙarshe kafin a yanke mini hukunci.

Na bar aikin karanta labarai a rediyo na zo Kuala Lumpur ƙarin karatu. A ɗakina na unguwar Danau Kota nakan yi kwana uku ban yi magana da kowa ba. Wata Juma'a a masallacin Kampung Baru na haɗu da wani dattijo Bamalaye, ina ce masa Pak Cik, wato kawu a yarensu. Ya yi karatu a Rasha, ya dawo da akwati cike da tsofaffin kuɗin azurfarsu, ƙanana kamar ɓawon kifi, waɗanda aka yanko daga wayar azurfa aka buga da guduma. Gefe ɗaya mahayin doki ne riƙe da mashi, ɗayan kuma sunan sarki. Haruffan da ke ƙarƙashin dokin su ke nuna garin da aka buga kuɗin. Yanar ido ta hana shi gani, sai ya koya mini haruffan don mu rubuta garin kowane kuɗi. Kowace Lahadi ina dubawa da gilashin ƙara girma, ina faɗa, yana tabbatarwa daga ka, ina rubutawa. Sannan mu ci shinkafa tare.

Ranar da ya ce, “Saura ashirin mu gama, ka huta da tsoho,” sai tunani ya zo mini. In an gama, ina zan je ranar Lahadi? Na ɗauki kuɗin garin Pskov na ce haruffan garin Novgorod nake gani. Ya ce shi a na Pskov ya san shi, to sai mu sake bin akwatin daga farko. Na maimaita wannan ƙarya sau bakwai, da muryar da na saba karanta labarai, wadda ba ta rawa.

Makon jiya ya riƙe hannuna ya ce, “Ɗana, shekara talatin na san waɗannan kamar ’ya’yana. Ido ya tafi, yanzu kai ma ya bi shi.” Kansa yake nufi. ’Yarsa ta riga ta kai shi wurin likita, tana shirin ɗauke shi zuwa gidanta a wani gari. Ta ma yi mini godiya a kan haƙurin da nake da shi.

Hankalinsa lafiya lau, duk bakwai ɗin shi ne da gaskiya. In na faɗa, zai samu natsuwa, ni kuma na san ba zan sake shiga gidan ba. In na yi shiru, zai tafi yana ganin ya ruɗe. Jibi Lahadi, kuma yana jirana. Jama’a, me zan yi?