In Na Gyara Aikin Malamina, Sunansa Zai Goge

Anti Safara'u, don girman Allah ki taimake ni da shawara, kaina ya kulle. Na san zancen aure da na gida aka fi kawo miki, nawa kuwa na na'ura ne. Amma ki daure ki karanta, za ki ga ba na'urar ce ta hana ni sukuni ba.

Ni ɗan Kiru ne, ina zaune a Tudun Wada. Aikina kula da 'yan ƙananan ƙarafunan sabis da ƙungiyarmu ta kakkafa, tun daga Kwanar Dangora, ta Burumburum, har Doguwa gefen dajin Falgore. Da su makarantu ke samun intanet. Da su kuma wani ƙaramin asibiti da ke can ƙarshen layi yake tura wa likita hoton ciwo ko sakamakon gwaji, likita ya ce a riƙe mara lafiya ko a taho da shi. Wanda ya san hanyar nan da damina ya san abin da nake nufi.

Wanda ya koya mini aikin shi ne Malam Badruddeen, tsohon injiniya da ya yi ritaya ya koma gida Bebeji. Anti, wallahi ban san yadda zan kwatanta miki mutumin nan ba. A jikin kowane ƙarfe akwai akwati, a cikin akwatin akwai katin da ke aikawa da karɓar saƙo, katin kuma ba ya motsi sai da wata manhaja da muke kira direba. Kamfanin da ya ƙera katin ya daɗe da rufewa, bai bar ko takardar bayani ba. Malam ya zauna a zaurensa, daga shi sai fanka da tabarau, yana tura wa katin lamba yana kallon abin da zai yi. Shi katin da jerin sifili da ɗaya yake magana, kowace ƙwaya sunanta bit. A jeri guda, waɗannan ƙwayoyin tsawon saƙo ne, waɗancan ƙarfin sigina, wata guda tilo ita ke cewa saƙo ya iso lafiya. Malam ya tono su kaf, ya raɗa wa kowane yanki suna, sannan ya rubuta wa katin direba da kansa. Ranar da na fara fahimtar abin da ya yi, sai na kama tasbihi. Subhanallah! Har yau in na buɗe rubutun nan sai na gyara zama.

To, bana tsawa ta ƙone mana akwatuna, har da na asibitin. Muka sayo sababbi muka saka musu irin katin nan namu, sai aka yi rashin sa'a ƙwaƙwalwarsu wata iri ce daban. Direban Malam ya hau, amma sai shirme, ya ɗauki tsawon saƙo ya ce ƙarfin sigina ne. Na yi ta tono har na gano dalili. Malam ya yi amfani da tsarin da ake kira bit-field: ka faɗi sunan yanki da faɗinsa, ka bar wa manhajar da ke juya rubutu zuwa harshen inji ta jera su. Kamar ki ce wa ɗan ƙodago ya shuka gyaɗa daga bakin gona sannan dawa ta biyo baya, ba ki ce masa bakin gabas ko na yamma ba. Tsofaffin akwatunan daga gabas suke farawa, sababbin daga yamma.

Maganin kuwa sananne ne a wurin masu wannan sana'a, ana ce masa mask. Lamba ce mai kama da faifan da aka huda. Ki kifa ta a kan jerin, ƙwayoyin da kike so kaɗai za su leƙo, ki kwashe abinki. Mazaunin kowace ƙwaya a rubuce yake ƙarara, kowane irin inji abu ɗaya zai gani. Na zauna na rubuta, na gwada a akwati ɗaya a kan teburina. Anti, nan take saƙo ya fara kwarara kamar an buɗe famfo. Na daɗe a zaune ina kallo, ina mamakin ikon Allah da ya ɓoye wannan duka a cikin sifili da ɗaya.

Ga inda gizo ke saƙar. A tsarin aikinmu, kowane layin rubutun manhaja yana ɗauke da sunan wanda ya rubuta shi. In na saka gyarana, kusan duk layukan da Malam ya fi shan wahala a kansu za su tafi, sunana ya hau gurbin nasa. Ni kuwa a gidan da na tashi, ɗalibi ba ya wanke wa malaminsa allo ya sake rubutu. Ga shi Malam ya yi jinya, hannunsa na dama ba ya aiki sosai, ya daina rubutu. Abin da ya rage masa, in an yi baƙi ya buɗe aikin nan, ya ƙara girman haruffa, ya nuna musu yana murmushi.

Abokin aikina Mujitaba ya ce in saka kawai, wai ba lallai Malam ya lura ba. Ni na san zai lura. Na je Bebeji da niyyar faɗa masa, na gaishe shi, na ci tuwo, bakina ya yi nauyi, na dawo. A halin yanzu ma'aikaciyar asibitin sai ta hau babur ta je kan tudu neman sabis kafin ta samu likita. Duk lokacin da wayata ta yi ƙara sai in yi ta addu'a kada a ce wani abu ya samu wani. Yaya zan yi?

Ɗalibi mai jin nauyi, Tudun Wada

Ƙanena,

Ni dai ban san bit ba, amma na san gona, kuma na gane zancenka. Har ni da ban taɓa ganin Malam Badruddeen ba sai da na jinjina masa. Nauyinsa da kake ji tarbiyya ce, Allah ya ƙara. Shawarar Mujitaba kuwa ka ajiye ta. Dattijo ya buɗe aikinsa a gaban baƙi ya tarar an sauya ba da saninsa ba, wannan shi ne cin fuskar da kake gudu.

Amma Mujitaba yana da gaskiya a wuri ɗaya: ciwo ba ya jiran kunyarka. Akwai mai naƙuda, akwai wanda maciji zai sara a gona. Ba ka da ikon sayen kwanciyar hankalinka da lafiyarsu.

Ka kuma daina kallon abin kamar ka kama Malam da kuskure. Ya rubuta wa injin da ke gabansa, kuma ya yi aiki shekara da shekaru. Hujin faifan naka ma, wa ya nuna maka inda za ka yi shi? Ba shi ba ne? Ka bar sunayen da ya raɗa yadda suke, ka rubuta ƙarara a saman aikin cewa shi ya gano ma'anar kowane yanki.

Gobe ka kama hanyar Bebeji da kwamfutarka da sabon akwati ɗaya. Ka nemi ganinsa ku biyu, ba a gaban jama'a ba. Ka fara nuna masa shirmen da akwatin ke yi, ka faɗa masa halin da asibitin ke ciki, sannan ka miƙa masa gyaranka ka roƙe shi ya duba. Ba don lallashi ba, don babu wanda ya kai shi sanin katin nan, kuma ba mamaki ya tsinto maka abin da ka tsallake. Mai yiwuwa ransa ya sosu, ɗan'adam ne. Ka yi haƙuri da hakan. Ko ya yi murna ko ya yi shiru, daga Bebeji ka wuce Doguwa ka haɗa wa asibitin nan sabis.

Gyaran nan ko ba ka yi ba, wata rana wani zai yi shi, wanda bai taɓa durƙusawa a gaban Malam ba, bai ma san sunansa ba. Gara ya ji daga bakinka, yana raye, kana zaune a ƙasa a gabansa.

Allah ya ba Malam lafiya, ya sauƙaƙa maka furta maganar, ya sa albarka a aikin hannunku.

Anti Safara'u