Layi ɗaya na rubuta, ya zubar da masu gonar gado

Assalamu alaikum 'yan group. Admin a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, kwana huɗu ke nan ko abinci ba na iya ci.

Ni ɗan Gaya ne, ina aikin kwamfuta da wata ƙungiya mai raba wa manoma irin gyaɗa a Ajingi. Wani dattijo malamin gona, abokin mahaifina, Baba nake ce masa, shi ya samo min aikin, shi ne kuma ya bi gida-gida a Toranke yana cike fom. A fom ɗin akwai tambaya, gonar taka ce? Eh ya zama True, a'a ya zama False. Ni kuma na rubuta layi ɗaya a yaren kwamfuta na Python da zai tace sunayen, ya bar masu True ya zubar da sauran.

Ashe duk mai noma gonar gado da ba a raba ba, Baba bai rubuta masa komai ba, don a ganinsa in ya sa eh an ci haƙƙin 'yan'uwansa, in ya sa a'a an yi ƙarya. Ita kuwa kwamfuta babu ruwanta, gurbin da ba komai a ciki False ta ɗauke shi. Ni da rawar kai ban duba ba, na ga lis ya fito fes, na tura.

An yi rabo, iri ya ƙare, ruwa ya sauka. Waɗanda ba su samu ba suka yi wa Baba caa, wai ya goge sunayensu ya sayar da kasonsu, wani har a ƙofar masallaci ya faɗa masa. Ogan ƙungiyar ya ce Baba ya zauna a gida sai an gama bincike.

Ni kaɗai na gano abin da ya faru. Wallahi kunya nake ji, tsoro kuma ya fi kunyar, don ko wata shida ban yi a aikin ba, in na faɗa korata za a yi.

Jiya Baba ya zo gidanmu a kan babur, da fom ɗin a leda. Ya ce ɗana, kai ka san kwamfuta, duba min inda na yi kuskure, ko tsufa ne ya fara taɓa ni. Na karɓa na ce to.

Gobe bayan la'asar zai dawo jin amsa. Jama'a, me zan ce masa?